Kafin Ya Zama Sunan Shaiɗan

  

Yau kalma ɗaya na kawo mana, kuma ta Turanci ce. Ko wanda bai yi boko ba ya taɓa jin ta, ko a fim ko a bakin 'yan makaranta. Kalmar ita ce "devil". Ka tambayi ɗan firamare, zai ce maka Shaiɗan ke nan. Ya kuwa faɗi daidai. Da wannan suna Bature yake kiran uban mugunta.

To amma ga abin da ya sa na ɗauko ta. Da can, wannan kalma sunan mutum ce. Mutum irina, irinka. Mai kai gulma. Mai ƙulla wa wani sharri. Mai shiga tsakanin mutum biyu ya raba su. Kafin ya zama sunan Shaiɗan, sunan annamimi ne. Ku riƙe wannan, domin a kansa za mu yi ta komowa.

Mu fara da kawar da wani kuskure. Akwai wata kalmar Turanci, "evil", wato mugunta. Da yawa sun ɗauka daga ita aka ciro "devil", an ƙara harafi ɗaya a gaba ke nan. A ido kam haka abin yake. Amma masana tarihin harshe sun nuna babu dangantaka tsakaninsu. "Evil" 'yar gida ce, Ingilishi sun gaje ta daga kakanninsu, kuma tana da 'yar uwa a Jamusanci. Ita kuwa "devil" baƙuwa ce, daga nesa ta taho. Kama ce kawai ta haɗa su.

Daga ina ta taho? Daga ƙasar Girka.

A tsohon Girkanci ana cewa "diyabolos". Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko "diya", wato ƙetarawa, ko ratsawa ta tsakiya. Ta biyu daga "ballo", wato jifa. In ka haɗa su, sai ka sami mai jefa abu a tsakani. Ku ɗauka aminai biyu ne zaune kan tabarma ɗaya, hannuwansu cikin akushi ɗaya, sai wani ya wurgo ƙazanta tsakiyar akushin. Kowa ya janye hannunsa. Kowa ya ɗago yana duban ɗan uwansa. Abin da kalmar ke nufi ke nan, sai dai da baki ake wannan jifa. Mutumin Girka in ya ce "diyabole", yana nufin ƙage, ɓata suna, cusa wa wani ƙiyayyar wani. A kasuwa ake faɗinta, a kotu, a fada. Ba ruwanta da aljanu.

Bari in tsaya a nan in ba ku labarin wani dattijo, domin a shari'arsa wannan kalma ta fito fili.

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, aka gurfanar da Sokratis a birnin Atina. Shi ne wanda littattafan Larabci ke kira Suƙraɗ. Yana da shekara 70 a lokacin. Mutum uku suka kai ƙararsa. Suka ce yana lalata tarbiyyar matasa, kuma bai yarda da abubuwan bautar garin ba. Masu yanke hukunci kimanin 500 ne, talakawan gari da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a. Almajirinsa Aflatun yana wurin, kuma daga baya ya rubuta jawabin da malaminsa ya yi don kare kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jawabin shi ne, dattijon bai fara da mutum ukun nan ba. Ya nuna cewa su masu sauƙi ne, tun da ga su a tsaye, an san sunayensu, ana iya yi musu tambaya. Waɗanda ya fi tsoro su ne masu ƙarar farko. Su wane ne? Su ne waɗanda suka shafe shekaru suna yawo da maganarsa a gari. Suna cewa mutumin nan yana bin diddigin abin da ke sama da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Suna cewa yana koya wa mutane yadda za su mai da ƙarya gaskiya. Ya tuna wa masu hukuncin cewa da yawansu tun suna yara suka ji wannan magana, lokacin da yaro ke haɗiye duk abin da aka faɗa masa. Kuma babu wanda ya tsaya masa a lokacin, don ba a gabansa ake yi ba.

Mutum ɗaya kawai ya iya nunawa a cikinsu, wani marubucin wasan barkwanci. Aristofanis ke nan. Shekara 24 kafin shari'ar ya shirya wani wasa mai suna Gizagizai. A ciki an nuna Sokratis rataye cikin kwando a sama, yana nazarin sararin samaniya, yana koyar da dabarar cinye bashi da iya baki. Mutanen Atina suka yi dariya suka watse. Dariyar ta wuce, hoton ya zauna a zuciya.

Sauran fa? Ba suna, ba fuska. Mu a nan mun san su. Su ne "an ce". Su ne "ana ta faɗa". Su ne "kowa ya sani". Yaya za ka kira "an ce" gaban alƙali? Yaya za ka ba "kowa ya sani" rantsuwa? Kalmar da Sokratis ya yi ta maimaitawa ga wannan abu ita ce "diyabole". Ya ma faɗa musu cewa in har aka kama shi da laifi, to ƙagen jama'a da hassadarsu ne suka kama shi. Haka kuwa aka yi. Da ɗan rinjaye aka same shi da laifi, aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba ya mutu.

Jama'a, wannan ita ce kakar kalmar "devil". Maganar gari ce da ba ta da uba, ta girma a hankali har ta ci ran dattijo.

Yanzu mu bi sawunta, mu ga yadda ta tashi daga kan mutum ta koma kan Shaiɗan.

A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai Yahudawa masu yawa a birnin Iskandariyya ta Masar. 'Ya'yansu sun tashi da Girkanci, Ibrananci ya fara kuɓuce musu. Sai malamansu suka fara fassara Attaura zuwa Girkanci, sauran littattafansu suka biyo baya. Ana kiran wannan fassara da sunan Saba'in, saboda labarin da ke cewa malamai saba'in da biyu ne suka yi aikin. A cikin aikin suka ci karo da kalmar Ibrananci "satan". Ma'anarta abokin gaba, ko mai tsayawa ya zargi wani. A littafinsu na Ayuba, shi ne wanda ya tsaya yana zargin bawan Allah Ayuba, wai don ni'imar da aka ba shi ne kawai yake ibada, a karɓe a gani. Masu fassara suka duba, wace kalmar Girkanci ce ta dace da mai irin wannan aiki? Suka zaɓi "diyabolos".

A ganina sun yi zaɓin masu hankali. Ga kalmomi birjik a Girkanci na mai kisa, na azzalumi, na maƙiyi. Suka tsallake su duka, suka ɗauki ta mai ƙage. Sun gane inda aikinsa ya fi ƙarfi.

Mu ma in muka duba abin da muka karanta a makarantar allo da ta ilimi, za mu ga haka. Da me Shaiɗan ya yaudari Annabi Adamu da Nana Hauwa'u? Bai ɗauki makami ba. Magana ya kai musu. Ya nuna musu wai akwai wata manufa a ɓoye da ta sa aka hana su itaciyar, ya rantse musu cewa shi mai nasiha ne. Wato ya shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa da zato. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim da ke bayyana yadda yake tura rundunarsa, su dawo kowa na ba da rahoton ɓarnar da ya yi. Wanda yake jawowa jikinsa ya yaba masa shi ne wanda ya raba miji da mata. Kun ji. Mai jefa abu a tsakani.

Ko bayan kalmar ta zama sunan Shaiɗan, ba ta saki mutane nan take ba. A Sabon Alkawari na Kirista, wanda da Girkanci aka rubuta shi, akwai wasiƙun da ke gargaɗin mutane kada su zama masu tsegumi. Kalmar da aka yi amfani da ita a wurin, ita ce dai wannan. Mai karatu na wancan zamani, duk sanda ya ji sunan Shaiɗan, yana jin "annamimi" a ciki. Duk sanda aka kira wani annamimi, yana jin sunan Shaiɗan a ciki.

To a nan ne aka yi asara. Ku saurara da kyau.

Da kalmar ta shiga Latin, harshen Rumawa, ba a fassara ta ba. Aro aka yi, aka ce "diyabolus". Daga nan ta bazu. Faransawa suka ce "diyabl". Mutanen Sifen suka ce "diyablo". Italiyawa suka ce "diyabolo" da nasu lafazin. A Ingila, inda 'yan mishan daga Rum suka sauka a shekarar 597, ta zauna a bakin mutane a matsayin "deofol". Shekaru suka yi ta goge ta har ta zama "devil".

Sauti ya ƙetare, ma'ana ta tsaya a hanya. Manomin Ingila da ya ji kalmar bai ji ƙage a cikinta ba. Suna kawai ya ji. Sai masu zane suka cike gurbin. Suka yi masa ƙaho, suka yi masa jela, suka yi masa kofato. Ya zama dodo. Kuma dodo yana da daɗin sha'ani ta wata fuska, domin yana can nesa, bai yi kama da kowa ba. Mutum na iya tsine masa da safe, da yamma ya zauna a majalisa yana cin naman maƙwabcinsa, bai ga alaƙar abubuwan biyu ba. Wannan ita ce asarar da nake nufi.

Da Ingilishi suka buƙaci kalmar ƙage, sai da suka sake aro. "Slander" ta shigo musu ta hanyar Faransanci, bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Ita ma in ka bi ta, Girka za ta kai ka, ga wata kalma mai nufin tarko ko abin tuntuɓe. Dokarsu ta raba abin biyu. Ɓata suna da baki shi ne "slander", a rubuce kuwa "libel", kuma na rubuce ya fi nauyi. Tun 1952 dokar Ingila ta sa abin da aka faɗa a rediyo cikin sahun na rubuce. Wannan ya shafe mu, mu da ke zaune gaban makirufo, kuma daidai ne ya shafe mu. Muryar da ke shiga dubban gidaje a lokaci ɗaya ba ta da uzurin cewa hira ce kawai.

Wani zai tambaya, to Iblis fa? Ai sun yi kama da "diyabolos". Masana da dama na Turai suna ganin daga can sunan ya samo asali. Malaman tafsiri da yawa kuma sun danganta shi da kalmar Larabci mai nufin yanke ƙauna daga rahama. Wasu malaman lugga na Musulunci sun ce suna ne ba'ajame. Wannan fage ne na malamai, a hannunsu za mu bar shi.

Yanzu mu dawo gida, domin akwai abin mamaki a bakinmu.

Kalmar "sharri" daga Larabci muka aro ta. A can ma'anarta mugunta, kishiyar alheri, kowace iri ce. Mu ma muna amfani da ita haka, muna neman tsari daga sharrin dare da na rana. Amma in Bahaushe ya dafe ƙirji ya ce "wallahi sharri aka yi mini", me yake nufi? Ba ya nufin an doke shi. Ba ya nufin an sace masa akuya. Yana nufin an laƙaba masa abin da bai yi ba. Cikin duk nau'o'in mugunta, wannan ne Bahaushe ya ba sunan kacokan. Kun ga ikon Allah. Girkawa sun tashi daga ƙage suka isa ga uban mugunta. Mu mun tashi daga mugunta muka sauka kan ƙage. Hanya ɗaya ce, kowa ya biyo ta daga nasa ɓangaren.

Ga kuma "ƙazafi". Ita ma Larabci ce, kuma asalin ma'anarta jifa. Mu da kanmu muna cewa an jefe shi da sata, an jefe ta da mummunar magana. Mutumin Atina, da Balaraben Hijaz, da Bahaushen Katsina, ba su zauna taro ba. Amma duk sun ga abu ɗaya. Mai wannan aiki daga nesa yake yi. Ba ya matsowa inda za a riƙe hannunsa.

To, mu juya ga ɓangaren da ya fi damuna. Jifa ba ya cika sai an sami inda ya sauka.

Hirodotus, wanda ake kira uban tarihi a Turai, ya kawo labarin wata shawara a fadar Zarksis, sarkin Farisa, lokacin da ake shirin kai wa Girka yaƙi. Wani babban kwamanda ya tashi yana ƙasƙanta Girkawa don ya zuga sarki. Sai baffan sarkin, Artabanus, ya tsawata masa. Abin da ya nuna shi ne, a sha'anin ƙage mutum biyu ne ke zalunci, ɗaya ake zalunta. Na farko mai faɗa, don ya zargi wanda ba ya nan. Na biyu mai ji, don ya gaskata kafin ya bincika. Mutum biyu. Mu kuwa kullum ɗaya muke ƙirgawa.

Akwai wani zane a gidan adana kayan tarihi na Uffizi, a birnin Fulorans na Italiya, da ya nuna wannan ƙarara. Botticelli ne ya zana shi wajen shekarar 1495. Ya bi bayanin da wani marubuci, Lukiyan, ya bari a ƙarni na 2, game da wani tsohon zane da ya ɓace, na wani mai zane da ake kira Apelis. A cewar Lukiyan, wani abokin sana'a ne ya kai sarar Apelis wurin sarki, har ya kusa rasa ransa, shi ya sa ya yi zanen. Bari in zame muku ido.

A hannun dama ga sarki a kan karaga. Kunnuwansa dogaye, irin na jaki. Mata biyu sun saka shi a tsakiya, kowace ta kama kunne ɗaya tana raɗa masa. Ɗaya Jahilci, ɗaya Zato. Idon sarki na ƙasa, bai ko dubi wanda aka kawo ba. A gabansa ga wani mutum cikin tsummokara masu duhu, ya miƙa hannu har kusa da fuskar sarki. Shi ne Hassada, kuma shi ne ja-gaba. Yana riƙe da hannun wata kyakkyawar mace. Ita ce Ƙage. Ku lura, kyakkyawa ce, fuskarta a natse. Hannunta ɗaya riƙe da wuta, kamar mai haska wa mutane gaskiya. Ɗaya hannun ta damƙi gashin wani saurayi tana jan sa a ƙasa, shi kuwa ya haɗa tafukansa yana roƙo. Wasu mata biyu suna gyara mata gashi, suna sa mata furanni. Can baya ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, Nadama ke nan. Sai a ƙarshen layi, nesa da sarki, ga Gaskiya a tsaye ita kaɗai, ba ado a jikinta, ta nuna sama da yatsa. Ba mai dubanta sai tsohuwar.

Cikin mutanen nan duka, wa ke da ikon tsai da abin? Mai dogayen kunnuwan nan. Da ya ɗaga ido ya ce a saki yaron ya yi magana, da an gama.

Ingila kanta ta ɗanɗana wannan. A 1678 wani mutum mai suna Titus Oates ya fito ya ce ya bankaɗo makircin 'yan Katolika na kashe Sarki Charles na Biyu. Sarkin da kansa ya yi masa tambayoyi, ya kama shi da ƙarya. Oates ya ce ya gana da wani babban basaraken Sifen, ya siffanta shi da dogo, alhali sarki ya san mutumin, gajere ne. Amma gari ya riga ya ɗauka. Da aka tsinci gawar alƙalin da Oates ya yi rantsuwa a gabansa, sai tsoro ya rufe Landan. Aka yi ta kama mutane, aka rataye marasa laifi da dama. Na ƙarshensu shi ne Oliver Plunkett, babban limamin Katolika na Ailan, a 1681. Sai a 1685 aka kama Oates da rantsuwar ƙarya, aka yi masa bulala a titi. Waɗanda aka rataye ba su dawo ba. Baki ɗaya ne ya ƙaga, amma kunnuwan gari guda ne suka yi kisan.

Mu Musulmi muna da namu darasin da ya fi wannan kusa da zuciya. Ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Shugaban munafukan Madina ne ya hura wutar. Amma cikin waɗanda suka ɗauki maganar suka yaɗa, akwai mutanen kirki, har da wanda ya halarci Badar, wato ɗan uwan da mahaifinta ke ciyarwa. Kimanin wata guda gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana cikin ƙunci, kafin ayoyin Suratun Nur su sauka su wanke ta. Kuma ayoyin ba su tsaya kan wanda ya ƙaga ba. Sun yi wa waɗanda suka ji faɗa, don me ba su kyautata zato ba, don me suka ɗauki abin da sauƙi.

Yanzu mu zo kan tabarmarmu ta yau.

Annamimi ba ya zuwa da ƙaho. Da sallama yake zuwa. Ya zauna, ya gaishe ka, ya tambayi iyali. Sai ya ɗan yi shiru, ya matso, ya rage murya. "Ni fa ba na son shiga maganar mutane." "Don dai kai ne." "Wallahi don ina ƙaunarka ne, shi ya sa na kasa yin shiru." "Amma kada ka ce ni na faɗa maka." Duk mun san waɗannan kalmomi. Na ƙarshen nan shi ne alamar. Mai gaskiya ba ya tsoron a haɗa shi da wanda yake magana a kai.

Kuma ya san inda yake kama mu. Mun tashi da karin maganar nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gaskiya ce, gargaɗi yana ceton rai. Amma ta wannan ƙofa yake shigowa. Yana sa wa ƙagensa rigar gargaɗi. Sai ka ji kamar in ba ka saurara ba, kai ka cuci kanka. Haka ake raba abokan kasuwancin da suka shekara ashirin tare. Haka ake sa uwar miji ta daina amsa gaisuwar surukarta. Haka ake fasa auren yarinya ana saura mako guda, kayan ɗaki na jibge, don wani ya je ya ce wa dangin ango "ku dai bincika". Ya faɗi kalma uku ya tafi. Ita kuwa za ta shekara tana tambayar kanta me ta yi.

Da can, sai annamimi ya taka da ƙafarsa gida gida. Yau waya ta ɗauke masa wahalar. Murya ce ta minti biyu a WhatsApp, ba suna, ba gari. Hoto ne da aka yanke gefensa a Facebook. Kai kuma da ka karɓa, ba ka ƙaga komai ba. Dannawa kawai ka yi, ka tura wa zauren 'yan uwa, ka rubuta "Allah Ya kyauta" a ƙasa. Kamfanin WhatsApp da kansa, bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe mutane a Indiya a 2018, sai da ya taƙaita yawan wuraren da za a iya tura saƙo a lokaci ɗaya. Kamfani ya iya rage gudun abin. Yatsan da ke dannawa kuwa namu ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a rufe baki a kan zalunci ba. Wanda aka cuta yana da haƙƙin kai ƙara. Wanda aka tambaya game da mai neman aure, ya faɗi abin da ya sani tsakaninsa da Allah. Ɗan jaridar da ya binciko almundahana da hujja, aikin alheri ya yi. Bambancin a bayyane yake. Mai gaskiya yana tsayawa a kan maganarsa da sunansa. Yana kai ta inda za a iya gyara. Yana yarda a kira ɗaya ɓangaren. Mai jifa kuwa ba ya son ko ɗaya cikin ukun nan.

Saboda haka in an kawo maka magana, akwai abin da za ka iya yi nan take, ba sai ka yi faɗa da kowa ba. Ka ce, "Ka gani da idonka?" In ya ce an faɗa masa ne, ka ce, "Wa ya faɗa maka?" Sannan ka ce, "Tashi mu je wurinsa tare, ko in kira shi yanzu ka maimaita." Sau da yawa a nan zancen ke mutuwa. Za ka ga ya fara duba agogo.

Kafin in sallame ku, ina da magana da mutum biyu cikin masu saurarena.

Na farko, kai da ka san ka taɓa ɗaukar wata magana ka kai gaba, daga baya ka gane ba haka ba ne. Ka san mutanen da ka faɗa wa. Ka san zauren da ka tura. Ka koma can ɗin, wurin su ɗin, ka ce maganar nan da na kawo ba gaskiya ba ce. Da nauyi, na sani. Amma akwai wanda har yanzu ake kauce masa a layi saboda ita, kuma kai kaɗai ne za ka iya sauke masa.

Na biyu, ke 'yar uwa, ko kai ɗan uwa, da aka yi wa sharri, kana jin wannan shiri zuciyarka na tafasa. Wataƙila ka rantse har ka gaji, ba wanda ya saurara. Ina yi maka jaje. Ka nemi dattijo ɗaya mai adalci a unguwarku ko a danginku, ka zauna ka warware masa komai, ka roƙe shi ya haɗa ku da wanda ya faɗa. In abin ya kai ga ɓata maka sana'a ko aure, kotu na nan, kuma ba abin kunya ba ne ka je. Allah Ya bayyana gaskiyarka tun kana raye, Ya sanyaya maka zuciya.